Kwalbar Yashin Inna Marta

Na sauka ƙasar da jakunkuna biyu, kuma ba tufafina ne suka cika su ba. Fatu ne, jar fatar akuya ta Sakkwato wadda Baba ya jeme da hannunsa a majemarmu da ke bayan Hubbare, sai 'yan alabe na zuba kuɗi da tumtum guda na zama da wani baduku abokinsa ya ɗinka. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba. Turai ce dai, can inda rana ke fitowa kamar sai an roƙe ta. Na ci abincin mutanen, ba na son a ce na dawo ina yi musu terere.

Abin da ya kai ni ba ɓoyayye ba ne. Majemar gado ce tsakanin Baba da ƙanensa, Baffa Sani. Tun da jakunkunan roba masu kama da fata suka cika kasuwa, dukawa suka rage sayen fatarmu, kwatarniyoyin jima suka riƙa bushewa ɗaya bayan ɗaya. Baffa Sani ya samu mai sayen filin, zai zuba shaguna. Ban ga laifinsa ba, yana da 'ya'ya a makaranta. Baba ya roƙe shi a gaban dangi ya dakata har in je in dawo. In na samo masu sayen fata na dindindin, majema ta tsira. In na dawo hannu rabbana, Baba zai sa hannu a sayar.

Ni malamin firamare ne, a unguwar Gidan Dahala nake zaune, rabona da tsoma hannu a ruwan jima tun ina yaro. Baba kan ce tafin hannuna ya fi na amarya laushi. Amma ni ya zaɓa. Ya ce, "Kai kay yi boko, kai ka jin Turanci. Tahi ka nuna musu. Duk wanda yat taɓa hwatag ga da hannu nai, ba ya aje ta."

Zangona na farko babban birni ne, wajen Kabiru, wanda a gida ake kira Kabiru Turai. Shi ya aiko mini da takardar gayyata zuwa baje kolin kayan hannu, shi ya ce yana da Baturen da ke neman fata ruwa a jallo. Gidan mahaifiyarsa yana nan kusa da Sama Road, har kilishi ta ba ni in kai masa. Ya tare ni a filin jirgi cikin wata doguwar kwat, ya rungume ni.

"Ɗan uwa, ƙaƙa Sakkwato? Ƙaƙa su Baba? Ka bar komi hannuna. Baturen ga da nike hwaɗa maka, in yag ga hwatag ga rikicewa za ya yi."

An ce da ɗan gari kan ci gari, sai na saki jiki. Ya kai ni wani ɗaki a saman bene, ya cinye kilishin uwarsa a gabana, ya buɗe jakunkunan ya zaɓi babbar, wadda mafi kyawun fatun ke ciki. Ya ce zai kai wa Baturen ya gani, in huta gajiya kafin ya dawo. Har yau ina hutawa. Wayarsa ta mutu. Na yi tambaya har na gano wurin baje kolin, na tarar an tashi tun makon da ya wuce, ana kwance rumfuna. Da mai ɗakin ya zo, sai na gane Kabiru bai taɓa zama a gidan ba, na 'yan kwanaki ya kama. Da a ce baƙo ne ya cuce ni da na haƙura da wuri. Amma mutumin da na ɗauko wa kilishi daga hannun uwarsa, wannan ya ƙona mini rai.

Daga nan sai tashar jirgin ƙasa, don nan ne kawai na san ba za a kore ni ba, kuma akwai ɗumi. Na zauna na rungume ƙaramar jakar kamar mai jego. Mutane na wucewa da sauri, babu mai kallon wani, balle sallama. Ina zaune ina ta sake kiran lambar Kabiru, har na zage shi a fili da harshenmu. Sai na ji wani a bayana ya ce, "Wannan zagin dai na Sakkwato ne."

Dattijo ne mai rigar masu shara, Bahaushen Kumasi, sunansa Baba Isaka. Ya ce tun da ya ji na ce "mi niy yi maka" ya san inda aka yanke mini cibiya. Ya yi ta kwaikwayon maganata yana dariya, ni kuwa hawaye ne suka zo mini, don rabona da jin Hausa daga bakin da ba zai cuce ni ba har na manta. Ya kai ni wani masallaci a ƙarƙashin bene, ya roƙi limamin ya bar ni in kwana, ya kawo mini shayi da burodi. Da ya ji labarina sai ya ce, "Kabirunka ya tafi, ka yi masa Allah ya isa ka wuce. Amma akwai wani ƙaramin gari da na taɓa aiki. 'Yan kore suna da shago a can, suna sayar da kayan talakawan ƙasashe da farashin kirki."

Na ce su wane ne 'yan kore, 'yan ƙwallo ne?

Ya ce, "'Yan siyasa ne, amma siyasar itatuwa da ruwa. Ka nemi wata tsohuwa Marta. Ba ta da fara'a, kada ka ji tsoro." Shi ya yanka mini tikiti, ya ƙi yarda in mayar masa.

Hausawa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Tsohuwar nan ba ta da ta fuskar, amma ta ba ni ta tabarmar. Ta buɗe ƙofa, na fara gaisuwa, ta katse ni da Turanci ta ce, "Me kake so?" Na ambaci Baba Isaka, ta kauce ta ba ni hanya. Na sa mata Inna Marta, ta ce ita ba ta haifi kowa ba, amma ba ta hana ni ba.

Gidanta ya fi titi sanyi. Tana da na'urar ɗumama ɗaki, amma ba ta kunna ta sai ta ga dole, wai hayaƙin makamashi ne ya sa duniya na zafi. Ni da na fito daga garin da zafi ke narkar da kwalta, ina karkarwa cikin rigar ulun marigayi mijinta saboda duniya na zafi. Shara ma sai an yi mata rabon gado, kwalba daban, takarda daban, ɓawo daban. Ranar da na jefa ɓawon dankali cikin takardu ta yi mini faɗan da ko Baba bai taɓa yi mini ba. Da asuba nakan farka ina jiran kiran salla, sai dai in ji ƙarar kekuna. Na yi kewar fura, na yi kewar zufa, har warin majema da nake gudu ina yaro na yi kewa.

Muna fere dankali take ba ni tarihinsu, a gutsure, yau kaɗan gobe kaɗan. Ta ce tana budurwa gwamnati ta tashi sare dajin da ke bayan garin don a shimfiɗa babban titi. Ɗalibai da manoma da matan coci suka je suka zauna cikin taɓo a gaban motocin, aka yi ta fesa musu ruwan sanyi, suka yi alkawarin ba za su ɗaga wa kowa hannu ba. An sare dajin duk da haka. A nan suka gane ihu a bakin ƙofa ba ya hana a sa hannu a cikin ɗaki, sai suka kafa jam'iyya don su ma su shiga ɗakin. Amma suka rantse ba za su zama kamar sauran ba. Ba shugaba guda, sai biyu, mace da namiji. Wanda ya hau kujera zai sauka ya ba wani kafin ta yi masa daɗi. Ƙasa da ruwa amana ce ta waɗanda ba a haifa ba, kuma talaka ba zai biya kuɗin ɓarnar mai kuɗi ba.

Na ce ai wannan wa'azi ne, ba siyasa ba. Ta ce haka mijinta ya riƙa faɗa. Da jam'iyyar ta yi ƙarfi aka gayyace su cikin gwamnati, sai suka rabu gida biyu, masu cewa a shiga a gyara rabi, da masu cewa wanda ya shiga ya sayar da dajin karo na biyu. Shi yana tare da masu cewa a shiga, ita tana tare da masu ƙi. Har ya rasu ba su daina wannan gardamar a kan tebur ba.

Wata safiya tana dafa ƙwai, na ga ta kifa wata 'yar kwalba mai siririn wuya, yashi na zuba daga sama zuwa ƙasa. Ta ce da yashin ya ƙare ƙwai ya nuna. Sannan ta ce kwalbar nan ta fi ta muƙami a jam'iyya. A tarukansu na farko, maza masu digiri ne ke cinye lokaci da dogon Turanci, manoma da mata su koma gida ba su ce uffan ba. Sai wata rana ta ɗauko kwalbar daga kicin ta dasa a tsakiya, ta ce kowa yashi guda, farfesa ko mai nonon shanu. Har yau da ita ake taro, ita ke kai ta a aljihu. Na yi dariya na ce abin dafa ƙwai ke mulkin mutane. Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ranar da na buɗe mata jakar, ta ɗauki fata guda ta murza, ta kai hanci, ta rufe ido. Ta ce da wane magani ake jima? Na ce babu magani, 'ya'yan bagaruwa ne, a daka a jiƙa, jan kuma daga karan dafi. Na ba ta labarin ƙauyen kakanninmu da ke bakin gulbi, inda mata ke tsintar bagaruwa su kawo wa majema. Saboda wannan ɗan cinikin ne matan suke tsaye a kan itatuwan, duk mai gawayin da ya zo da gatari sai ya ji bakinsu. Ranar da majema suka daina saye, ba wanda zai hana gatari.

Ta ajiye fatar ta kama hannuna. "Wannan za ka faɗa musu. Taron reshen jam'iyya na garin nan ne ke yanke abin da ake sayarwa a shago, kuma yaran yanzu ba sa son fata, suna tausayin dabba. Kada ka yi kewaye. Ka tashi ka ce, fatar nan ce ke riƙe da itatuwa. Yashin ba shi da yawa."

Na ce to. Na ce me zai hana ita ta faɗa, tunda suna jin maganarta? Ta ce ba su yarda wani ya yi magana a madadin mai magana ba, daga bakina ya kamata ta fito.

Ranar Asabar da la'asar muka hau saman shagon. Kujeru a zagaye, babu babban tebur, ka rasa wa za ka fara durƙusa wa. Shugabannin biyu yara ne da ba su wuce ƙannena ba, wani Yonas da wata Lena. Ni kuwa ban zo hannu sake ba, don a gidanmu ba a shiga wajen mutane neman alfarma ba tsaraba. Kafin a zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya ina miƙa alabe da hannu biyu. Da na zo kan Lena ta tambaye ni fatar mene ne. Na ce akuya, da alfahari ma na faɗa. Ta janye hannuwanta ta ɓoye a baya, ta ce ta gode amma ba za ta iya ba. Wasu suka karɓa suka tura ƙarƙashin kujera. Wani tsohon manomi ne kaɗai ya jefa nasa a aljihu. A Sakkwato ko maƙiyinka ya miƙo kyauta sai ka karɓa, in ya so ka yar a hanya. Na koma kujerata da alaben Lena a hannu, kunnuwana na zafi.

Inna Marta ta fara magana da harshensu, ta gabatar da ni, yashinta ya ƙare ta zauna. Sai wani saurayi mai dogon gashi ya tashi, Inna Marta tana raɗa mini fassara. Ya ce shagonsu ba zai ci riba da jinin dabba ba, kuma ya karanta yadda masana'antun fata ke zuba guba a koguna. Raina ya yi fari, don amsarsa na bakina. Akuyar nan an riga an yanka ta don suna ko layya, fatar ce kawai muke hana ta ruɓewa. Guba kuwa ba mu san ta ba. Ga bagaruwa, ga matan ƙauye, ga gatari. Lena ta kira sunana, ta kifa kwalbar.

Na miƙe. Na ga furfura a ɗakin, na ga mutanen da suka bar gidajensu cikin sanyi suka zo saurarona. Bakina ya yi abin da aka koya masa tun kafin in iya tafiya. Na gai da dattawa, na gai da shugabanni, na yi musu sannu da sanyi. Na isar da gaisuwar Baba, don ya ce in isar, na haɗa da ta Baffa Sani don kada a ce na ware shi. Na gode wa Inna Marta da ta saukar da baƙon da ba ta sani ba, na nemi afuwa in tsarabata ta ɓata wa wani rai, na yi wa garinsu addu'ar zaman lafiya. A ganina na taƙaita ƙwarai, ko iyalinsu ban tambaya ba. Ina cewa, "To, abin da ke tafe da ni," sai Yonas ya ɗaga hannu. Na dubi kwalbar, saman fayau.

Na ce, "Ban fara ba."

Ya ce, "Na sani, ka yi haƙuri. Haka muke yi wa kowa." Ba da wulaƙanci ya faɗa ba, har fuskarsa ta yi ja.

Na juya wajen Inna Marta. Ta sunkuyar da kai tana kallon takalmanta. Na tsaya a tsakiyar mutane da magana cike da baki, ban san ko in zauna ko in fita ba. Wasu suka yi nasu yashin, aka ce a ɗaga hannu. Ba sai an fassara mini ba. Hannun Inna Marta da na tsohon manomin da wasu 'yan tsiraru ne suka tashi domina.

A hanyar gida tana tura kekenta ina biye, na kasa haɗiye fushina. Na ce, "Inna, ke kika kafa su. Da kin ce a ƙara mini, wa zai musa miki?"

Ta ce, "Babu. Shi ya sa ban ce ba."

Na ce ban gane ba.

Ta ce, "Da sun ƙara maka don ni ce, ba don kai ba. Ranar da aka fara ƙara wa mutum yashi saboda wanda ya sani, mun zama waɗanda suka sare dajin."

Na ce, "To majemar ubana fa? Itatuwan fa? Ba don itatuwa kuka zauna cikin taɓo ba?"

Ta tsaya cak. Na ga idonta ya cika, sai ta ci gaba da tura keken har gida. Washegari ta je ta nemi a sake sa maganar, aka ce abin da taro ya yanke ba a tayar da shi sai bayan hunturu. Izinin zamana kuwa saura 'yan kwanaki. Na bi shagunan garin da sauran fatun, kowa ya yaba, kowa ya ce sai da takardar kamfani. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Har gobe ban ga inda na yi laifi ba, kuma abin haushin, ban ga inda ita ta yi ba. Da akwai wanda zan zaga kamar Kabiru da na samu sauƙi.

Na bar mata tumtum, ta karɓa da hannu biyu kamar yadda ta ga ina yi. Ta raka ni tasha. Muna tsaye sai ta gyara murya, matar da ba ta taɓa ce mini ina kwana ba, ta ce in gai da babana. Ta ce in gai da ƙanensa. In gai da badukun da ya yi ɗinki, da matan da ke tsintar bagaruwa, da matata, da yaran ajina. Tana yi tana laluben wanda ta manta, har jirgi ya zo ba ta gama ba.

Na iso Sakkwato da hantsi, ban biya gida ba na wuce majema. Baba na zaune a kan turmin daka bagaruwa, kwatarniya guda ce kawai ke da ruwa. Ya dubi ƙaramar jakar, ya ga yadda take da nauyi a hannuna, bai tambaye ni ciniki ba. Na durƙusa na zayyana masa komai, Kabiru, da taron, da kwalbar, da yashin da ya ƙare.

Ya murza gemu. Sannan ya ce, "Amma ka gaishe su?"

Na ce, "Na gaishe su, Baba."

"Duka? Hadda tsohinsu?"

"Duka."

Ya gyaɗa kai. "To madalla. Ba ka ba mu kunya ba."

Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya tsamo fatar ƙarshe ya matse ta ya shanya. Ya ce in kama masa. Muka karkata kwatarniyar tare, ruwan bagaruwa ya bi ƙasa ya jiƙa mini takalman da na sayo don Turai. Muka kife ta kusa da 'yan uwanta. Ya goge hannunsa a riga ya ce, "Tahi ka kira min Sani."